Fumfuna a Ɗakin Jego

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, kowa a Gombe ya sayi abin da ransa ya daɗe yana so. Wani babur, wani rediyo mai kaset, wani gado mai rumfa. Ni siminti na saya. Gidana a unguwar Herwagana yake, ginin ƙasa ne da na gada daga mahaifina, kuma na gaji da yaɓen da ake sakewa duk bayan damina. Na sa aka shafe ɗakin matata da siminti ciki da waje, aka yi masa daɓen siminti, aka bi cikinsa da fentin mai, shuɗi mai ƙyalli. Ban yi karatu mai nisa ba, aikina awon auduga ne a wani sito, amma ranar da fentin nan ya bushe ji na yi kamar na zama babban akawu.

Ruwan ya zo a watan Agusta, da la'asar. Gombe a kwari take, ƙasarta kuma yashi. In aka yi ruwa mai ƙarfi a tudu, a kanmu yake sauka. Ran nan shara ta toshe kwalbatin bakin titi, ruwa ya juyo ya biyo lungunmu, ja wur, ɗauke da kara da takalman mutane. Ya haura dokin ƙofa ya shiga ɗaki har ya kusa gwiwa. Matata tana da tsohon ciki, na ɗora ta a kan gado, na tsaya ina kwasar ruwa da bokiti ina zubarwa inda zai sake dawowa. Kafin magariba ya janye, ya bar mana laka.

Da gari ya waye aka ga ɓarna. Katangar makewayinmu ta zube. Maƙwabta masu ɗakunan ƙasa duk yaɓensu ya zazzago daga gindi. Nawa ɗakin ko tsaga babu. Na kwashe laka, na wanke daɓe, rana ta fito ya bushe. Sai na riƙa bi gida-gida ina jaje, ina ƙarawa da cewa, "Ai da kun sa siminti." Allah ya yafe mini wannan magana. Na faɗe ta ga mutanen da ke kwashe rabin ɗakinsu da kwando.

Ba a yi wata ba matata ta sauka, aka sami mace. Haihuwarta ta biyu ke nan. Na fari namiji ne, bai kai arba'in ba ya koma, daga nan muka yi shekaru shiru. Saboda haka murnar wannan haihuwa a haɗe take da tsoro, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Mahaifiyar matata ta rasu, sai Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Kwadon don ta kula da jego. Ita Goggo ta daɗe da yanke hukunci a ranta cewa sanyi ne ya kashe yaron farko, don an riƙa barin ƙofa a buɗe. Ta zo da niyyar ba za a sake ba.

Tana sauke ƙunshinta ta leƙa bayan gida, ta dawo tana tafa hannu.

"Makewayi ba katanga! A ina zan yi wa yarinyar nan wanka? A gaban jama'ar Gombe?"

Da zana biyu na saya na kafa, da magana ta ƙare. Amma sai na ce, "Goggo, ku yi a ɗaki mana. Siminti ne, ruwa ba ya yi masa komai."

"Mun ji," in ji ta. "Tun daga Kwadon muke jin labarin simintin nan, kamar shi ya haihu."

Haka aka fara. Safe da yamma a tafasa ruwa a rabin duro, a shigo da shi kusurwar ɗaki, Goggo ta tsoma ganyen dogon yaro tana fyaɗa wa mai jego, tururi ya cika ɗakin har ba ka ganin mutum. In an gama a share ruwan ya fita ta ƙofa, a saki labule, a rufo. Taga kuwa tun ranar farko Goggo ta rufe ta, ta cusa tsummoki a duk inda iska za ta iya sato kai. A ƙarƙashin gado kaskon garwashi ne ba ya mutuwa. In na shiga sai in ga bango yana gumi, ruwa yana gangarowa a kan fenti layi-layi. Na ɗauka alamar fenti mai kyau ce, tunda ba ya shan ruwa.

Ran jajibirin suna na shiga don in gyara ɗakin saboda baƙi. A bangon gabas akwai kabad ɗin da matata ta jera kwanukanta na aure. Na janye shi don in share bayansa. Tun kafin idona ya gani, hancina ya gaya mini.

Wannan warin na san shi fiye da warin jikina. Shi nake shinshinawa a sito in manomi ya kawo auduga. In na cusa hannu cikin buhu na ji laima, na kai hanci na ji wannan tsami-tsami mai kama da tuwon da aka manta a rufe, sai in ce a mayar, ko mutum zai yi kuka. Na san kuma cewa masu kwasar irin wannan auduga tari suke kwana yi. Ga shi yanzu a bangona. Daga daɓe zuwa tsayin gwiwa, daidai inda ruwan ambaliya ya tsaya, ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, wasu sun haɗe sun zama faci, gefensu kore-kore, da wani fari mai laushi kamar gashin jariri. Fenti ya kumbura wuri-wuri. Na danna ɗaya da yatsa, ya fashe, ruwa ya fito.

Na waiga. Goggo tana waje wajen kunun kanwa, matata ta juya baya tana ba da nono. Gobe mata za su cika ɗakin nan, 'yan'uwa daga Kwadon da Arawa, da matan abokan aikina, duk waɗanda na cika wa kunne. Na ɗauko tsumma na jiƙa da kananzir, na goge wurin har ya koma shuɗi, na tura kabad ya koma inda yake. Na ce a raina in an yi arba'in zan duba.

Aka yi suna lafiya. Aka yaba ɗaki. Wata ma ta shafa bango ta ce kamar na asibiti.

Bayan suna da 'yan kwanaki jaririyar ta fara atishawa, sannan tari, ɗan ƙarami kamar na kyanwa. Goggo ta ce sanyi ne ya sami hanya, ta ƙara tsumma a taga, ta ƙara garwashi. Tarin bai tsaya ba. Hanci ya toshe, in ta kama nono sai ta saki ta buɗe baki tana neman iska. Daga baya in ka kara kunne sai ka ji ƙirjinta yana fito a hankali.  Matata ta zauna da yarinya a cinya tana kallon cikinta yana hawa yana sauka, irin zaman da na taɓa gani ta yi, wanda na roƙi Allah kada in sake gani.

Ni kuwa ina fita aiki ina dawowa, ina sayo turare ina cewa a riƙa sawa a kasko. Na sayo man zafi, na karɓo rubutu, na yi sadaka. Ba abin da ban yi ba sai abu ɗaya. A sito in na mayar wa manomi da audugarsa sai in tuna bangona. Da azahar nakan tsaya salla in rasa raka'a nawa na yi.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata mutuniyar Kaltungo, garin duwatsu, Kirista, mai aikin wanki a asibiti, mijinta kafinta. Duk lungun Mama ake ce mata. Tun ranar ambaliya ta laƙaba mini Mai Siminti, ba ta kuma sauke ba. Wata ranar Lahadi da ta taso daga coci ta shigo duba mai jego. Tana ɗaga labule ta ja baya.

"Kai! Goggo, me kuke dafawa a nan, mutum ko dawa?"

"Jego muke yi, 'yar nan. Ku a garinku a kan dutse kuke yi, na sani."

"A kan dutse muke yi, muna kuma numfashi." Ta shiga, ta karɓi yarinyar, ta kara kunne a ƙirjinta. Dariyar ta bar fuskarta. Ta juya tana bin ɗakin da kallo, sai ta nuna gefen kabad da haɓa. Abin ya riga ya fito daga ɓoye. Ya rarrafo ta gefe, ya bi gindin bango har ƙarƙashin gado. "Wancan fa?"

"Baƙin hayaƙi ne," in ji Goggo. "Ɗakin da ake wuta a ciki ai sai ya yi baƙi."

"Goggo, hayaƙi sama yake hawa. Dubi rufi, ga nasa can. Wannan daga ƙasa ya taso." Ta durƙusa ta lakato da yatsa, ta murza. "Kuma hayaƙi a bushe yake. Wannan danƙo gare shi. Fumfuna ce."

"Fumfuna a tuwo take fita, ba a siminti ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Goggo ta juyo gare ni, ba don ta ƙure ni ba, sai don ta yarda da ni.

"Kai ɗan nan, kai ne mai aikin sito. Zo ka raba mu. Mene ne wannan?"

Na shiga. Na sunkuya kamar mai dubawa. Warin ya bugi hancina ta cikin turare. Mama tana kallona, matata ba ta ɗago ba. Da na ce fumfuna ce, na san abin da zai biyo: a tambaye ni tun yaushe, a fasa bango, lungu duka su fito kallo.

Na ce, "Hayaƙi ne."

Mama ta miƙa wa matata yarinyar, ta goge yatsanta a bakin zane. "To, Mai Siminti ya faɗa. Amma ku kai ta asibiti, don Allah. Wannan numfashin ba na wasa ba ne."

"Mai jego ba ta fita," in ji Goggo.

Kashegari ban iya zuwa aiki ba. Da hantsi yarinyar ta ƙi nono gaba ɗaya. Ramukan hancinta suna buɗewa suna rufewa, fatar tsakanin haƙarƙarinta tana shiga ciki duk in ta ja iska. Ta buɗe baki za ta yi kuka, kukan bai fito ba. Goggo ta rikice, tana tofa addu'a, tana cewa a ƙaro garwashi. Matata ta sa hannu cikin akwatin da ke jingine da bango don ta ɗauko zanen goyo. Ta zaro shi, ta tsaya. Zanen ya yi tabo-tabo baƙi da kore. Ta zaro na biyu, haka. Ta ɗaga gefen katifa, ƙasanta ya yi furfura.

Matata mace ce da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ran nan ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, na gan ka ran jajibirin suna. Na ga ka janye kabad, na ji warin kananzir. Na yi shiru don na ɗauka ka san abin da kake yi."

Ta ci gaba.

"Jiya Goggo ta tambaye ka. Yanzu ni nake tambaya. Mene ne wannan?"

"Fumfuna ce," na ce. "Tun ranar na sani."

Goggo ta zauna a kan daɓe. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ce, "Ni na toshe taga. Da hannuna. Ka tsaya kana kallona ina toshewa."

Matata ta cire mayafinta ta naɗe yarinyar, ta miƙe. Goggo ta kama bakin zanenta.

"Ina za ki? Ba ki yi arba'in ba! Sanyi zai shige ki, ki kumbura!"

"In kumbura, Goggo. Na binne ɗaya."

Ta fita ba takalmi. Na bi ta a baya da takalman a hannu. Mama ta jiyo mu, ta fito da kumfar sabulu a hannunta, ba ta tambayi komai ba, ta aika mijinta ya tare mana mota a bakin titi.

A asibiti aka karɓi yarinyar aka shige da ita. Na zauna a benci a baranda tare da mutanen da ban sani ba. Duk wadda ta fito da farar riga sai in miƙe, ta wuce, in koma in zauna. Can wata ma'aikaciya ta kira ni ta yi mini tambayoyi. A ina take kwana? Akwai wuta a ɗakin? Akwai laima? Na amsa duka, ban rage ba. Ta ce ƙirjin ya kamu, za a yi allura a ga abin da Allah zai yi, kuma ko an sallame ta kada a mayar da ita ɗakin nan. Na tambaye ta, hayaƙin ne ko fumfunar? Ta ce ba za ta iya rabewa ba, ɗan ƙirji kamar wannan ko ɗaya ya ishe shi. Har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne ɗaya daga ciki na gan shi da idona na rufe.

Ba a barin maza su zauna a ɗakin yara, aka ce in tafi in dawo da yamma. Na koma gida don ban san inda zan sa kaina ba. Na tarar Goggo ta zare tsummokin taga duka, ta buɗe ta, ta fitar da kasko, tana zaune a tsakar gida ta haɗa kai da gwiwa. Na leƙa gidan kafinta na ari guduma da diga.

Bugun farko na yi shi a bayan kabad. Ban sa ƙarfi sosai ba, amma simintin ya ɓalle faifai guda, don tuni ya rabu da bango. Abin da ke bayansa ba bango ba ne kuma. Ƙasa ce baƙa, jiƙaƙƙiya, na tura yatsa ya shige. Fararen zare sun bi ta ko'ina kamar saƙar gizo. Ruwan ambaliya ya shiga ta gindi ya hau cikin tubali, ya tarar da siminti a waje, siminti da fenti a ciki, ya rasa ta inda zai fita. Ɗakunan da na yi wa dariya sun zubar da yaɓensu, sun sha rana, sun bushe tuntuni. Nawa ya riƙe ruwansa, mu kuma muna ƙara masa safe da yamma.

Na ɗaure hanci da rawani na ci gaba da bugu. Mutanen lungu suka taru a ƙofa, abin da nake gudu ke nan, sai na ga ban ma damu ba. Wani dattijo da na taɓa ce wa da ya sa siminti ya shigo da kwandonsa, ya fara kwashe ɓaraguzai. Kafinta ya zo ya tokare rufi da itace don kada bangon gabas ya sauka a kaina. Muka sare simintin ciki da waje har sama da inda laimar ta kai, muka kankare baƙar ƙasar muka fitar da ita bayan gari. Katifa da tabarmi da zannuwan akwati na tara su na cinna musu wuta. Bayan kabad ya ruɓe, shi ma ya bi su. Kwanukan Goggo ta wanke da ruwan zafi da toka ta kife a rana. Kafinta ya ce kada in kuskura in shafa komai a bangon, ko farar ƙasa, sai rani ya ratsa shi, kuma in haƙa lambatu a bayansa tun yanzu. Na ce to. A ranar ko ce mini aka yi in rushe gidan duka, to zan ce.

Da yamma na koma asibiti. Ba canji. Kashegari ma haka. Matata tana zaune a bakin ƙaramin gado, ƙafafunta sun kumbura, nono ya cika yana zuba a riga, ana ɗura wa yarinyar da cokali tana mayarwa. In na gaishe ta sai ta amsa ba tare da ta kalle ni ba. Na riƙa yawo tsakanin asibiti da ɗakin da ya zama kango, in haƙa lambatu har hannuna ya fashe, in wanke, in koma benci. Na yi wa Allah alkawura iri-iri a kan bencin nan, wasu na cika, wasu na kasa.

Mama ta share ɗakin gaba na gidansu, mai taga biyu suna kallon juna, ta ce in an sallame su nan za su sauka. Na kai wa Goggo maganar ina jiran faɗa.

"Jego a ɗakin aro," ta ce. "A gidan da ba namu ba. Mutanen Kwadon su ji."

"Goggo, ba wani ɗakin."

"Na ce akwai ne? Ɗauki duron nan ka kai. Kuma ka kafa zana a bayan gida, a waje za a yi wanka." Ta ɗaga murya ta saman katanga. "Ke 'yar kan dutse! Taga ɗaya za a buɗe, ba biyu ba!"

"Ɗaya da rabi, Goggo!" in ji Mama daga can.

Ina cikin kafa zanar ne, da hantsin wata rana, Mama ta dawo daga asibiti tana sauri, ɗankwalinta a hannu. Da na ga saurin sai na riƙe itacen zana. Na riga na fara innalillahi.

"Mai Siminti, saki itacen nan kada ka karya mana. Ta kama nono."

Na kasa fahimta. Ta maimaita.

"Ta kama, ta sha, ta ƙoshi, ta kwantsama kuka har ma'aikaciya ta ce a fitar da ita tana tashin yaran mutane. Matarka ta ce a kawo mata kunu, yunwa take ji."

Goggo ta riga ta nufi murhu. Ni na zauna a ƙasa a gindin zanar da ban gama ɗaurewa ba, na rufe fuska da hannuwana masu ƙasa, na daɗe a haka. Sai da Goggo ta yi mini tsawa cewa kunu zai huce kafin in gama, sannan na tashi na karɓi kwanon na kama hanyar asibiti.